Zaure, Hisba ko gaban alƙali: ina za ka kai kukanka?

Cikin shekaru biyun nan sau biyu ina raka mutum neman haƙƙinsa. Ta farko 'yar yayata ce, wadda mijinta ya sake ta da goyo a baya da yaro ɗan shekara huɗu, ya ɗauke ƙafa, ko sabulun wanki bai ƙara aikowa ba. Na biyu maƙwabcina ne, kafinta, da mota ta kwashe shi a kan babur yana dawowa daga sayen katako, ƙashin cinyarsa ya karye. Shawara ɗaya aka fara ba su dukansu: a yi haƙuri, a zauna a sasanta, kotu ba wurin ɗan mutunci ba ce. Kuma dukansu sun bi. Ita ta cutu saboda ta daɗe tana jiran sulhun da bai zo ba. Shi ya cutu saboda ya karɓi sulhu tun ciwon bai nuna girmansa ba.

Tun daga nan na daina yarda da masu cewa sulhu ya fi kotu ko kotu ta fi sulhu a dunƙule. Kowace ƙofa da abin da take iya ba ka, da abin da ba ta da ikon bayarwa, kuma lokacin ƙwanƙwasa ta a rikicin aure ba ɗaya ba ne da lokacinta a maganar rauni. Bayanin da ke tafe na tsarin Najeriya ne, musamman jihohin Arewa.

Rikicin aure da 'ya'ya

Ƙofa ta farko ita ce zaure: waliyyai, kawunnai, limamin unguwa, mai unguwa. Tana da asali mai ƙarfi. Aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta ce idan aka ji tsoron ɓaraka tsakanin ma'aurata a tashi mai sasantawa ɗaya daga danginsa, ɗaya daga danginta, aya ta 128 kuma ta ce sulhu alheri ne. Ba a biyan ko sisi, asiri a rufe yake, kuma idan auren yana da sauran numfashi, nan ne kaɗai ake iya ceto shi. Matar da ta yi yaji tana jiran biko, ko mijin da ya yi saki ɗaya yana son kome kafin idda ta cika, ba su da abin yi a gaban alƙali. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa.

Raunin zaure shi ne ba shi da sanda. A zaman da aka yi kan 'yar yayata, tsohon mijin ya durƙusa gaban kawunta ya ce, "Baba, in Allah ya yarda duk ƙarshen wata zan aiko." Aka shafa fatiha aka watse. Ba a faɗi nawa ba, ba a faɗi ranar ba, ba a rubuta komai ba. Ya aiko sau ɗaya. Duk lokacin da ta tayar da maganar sai a ce mata, "Ke dai ki ƙara haƙuri, uban 'ya'yanki ne." Wani abin kuma da ba a cika faɗa ba: a zaure yawanci mace ba ta magana da bakinta, wani ke yi mata, kuma mai yi matan sau da yawa ya fi damuwa da zumuncin gidajen biyu fiye da kwanon abincin yaran.

Hisba tana tsakiya. A Kano doka ta kafa hukumar a 2003, kuma babban ɓangare na aikinta na yau da kullum sasanta ma'aurata ne. Abin da ta fi zaure da shi: ana aika wa miji takardar gayyata, ana sauraron mace da bakinta, akwai mata ma'aikata da za ta iya gaya wa abin da ba za ta iya faɗa gaban kawunta ba, kuma ana rubuta abin da aka amince a sa hannu. Maza da yawa da suka raina kiran surukai sukan amsa wannan. Amma Hisba ba kotu ba ce. Ba ta raba aure da ƙarfin hukunci, ba ta kama dukiyar wanda ya ƙi biya. Idan mutum ya taurare, ita ma kotu za ta tura ku. Duk da haka takardar da aka rubuta a can ba ta faɗi ƙasa banza ba, hujja ce da za ki riƙe ki shiga da ita gaban alƙali.

Kotun shari'ar Musulunci ita ce mai sandar. Ga wanda aka ɗaura wa aure a kan sadaki da waliyyi da shaidu, nan ce kotunsa a maganar saki, ciyarwa, riƙon 'ya'ya da gado. Kuɗin shigar da ƙara ba shi da yawa, da Hausa ake magana, kuma ba dole sai da lauya ba. Alƙalai suna hukunci da mazhabar Malikiyya, daga littattafai irin su Risala da Mukhtasar na Khalil da Tuhfa. A nan ne na ga yadda al'adarmu ta rufe wa mata haƙƙoƙin da fiƙihun da muke karantawa a zaure ya ba su tun tuni.

Ɗauki riƙon 'ya'ya. A gari an saba da cewa da zarar an yaye yaro uba ya aiko a ɗauko masa ɗansa. A Malikiyya uwa ce ta fi cancanta da riƙon ɗa namiji har ya balaga, 'ya mace kuma har ta yi aure ta tare, muddin uwar tana da hankali da amana da wurin da yaro zai zauna lafiya. Idan ta auri wani wanda ba muharramin yaron ba, riƙon ba ya tsallakawa kai tsaye zuwa uba. Kakar yaron ta wajen uwa ce a gaba, sannan 'yar'uwar uwar. Duk tsawon wannan lokaci ci da sha da sutura da magani suna wuyan uba. A zaure ba kasafai ake karanto wannan ba. A kotu shi ne abin da ke rubuce.

Sai maganar da ta fi ci mini rai. Ciyar da mata, idan miji mai hali ya ƙi yi, bashi ne a kansa ko da wata nawa suka wuce. Ciyar da 'ya'ya ba haka take ba: abin da ya wuce yakan faɗi, sai idan alƙali ya riga ya yanka masa adadi, ko kuma wanda ya ciyar ya yi ne da niyyar a biya shi, ba kyauta ba, kuma zai iya tabbatar da hakan. 'Yar yayata ta yi wata goma sha ɗaya tana sayar da ɗanwake tana ciyar da yara tana jiran alkawarin zaure. Ranar da alƙali ya yanka kuɗin wata, daga ranar lissafi ya fara. A bari ya huce shi ke kawo rabon wani. Don haka a maganar abincin yara ni ba na ba kowa shawarar dogon jira: a gwada zaure sau ɗaya, a gwada Hisba, in wata biyu suka wuce babu komai a hannu, a yanki sammaci.

Idan mace ce ke son fita daga auren, hanya biyu ce a gabanta, kuma bambancinsu kuɗi ne. Khul'i shi ne ta fanshi kanta, kamar yadda matar Sabitu ɗan Ƙaisu ta mayar masa da gonar da ya ba ta a zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ba sai ta kawo laifin miji ba, ya isa ta ce ba za ta iya zaman ba. Yana da sauri, amma za ta biya, kuma nan ne wasu maza ke tsawwalawa, su lissafo lefe da kuɗin gaisuwar iyaye da abincin biki. Hanya ta biyu ita ce ta nemi alƙali ya raba auren saboda cutarwa: duka, zagi mai muni, yunwa, ƙaurace wa shimfiɗa. Idan ta tabbatar, ba ta mayar da ko kwabo. Nauyin kawo hujja yana kanta, amma Malikiyya ta sauƙaƙa, domin tana karɓar shaidar abin da ya yaɗu a bakin maƙwabta cewa wane yana cutar da matarsa. Har ma idan ta riga ta biya khul'i daga baya ta tabbatar cewa cutarwa ce ta tura ta, tana iya neman a mayar mata da kuɗinta. Matar da ke da tabo a jiki da takardar asibiti da maƙwabtan da suka sha shiga rabo, kada ta yi gaggawar cewa "na yarda zan biya" don kawai ta gaji. Wadda ba ta da shaida kuma zuciyarta ta riga ta fita, khul'i ya fi mata sauƙi a kan shekara guda tana zarya.

Kotun ma tana da nata ciwon. Ana ɗage zama, wanda ake ƙara yakan ɓuya wa sammaci, sirrin ɗaki yana fita gaban baƙi, kuma ba kowane alƙali ne ke da zurfin karatu ɗaya ba. Maganin hukuncin da bai gamsar ba shi ne ɗaukaka ƙara: zuwa babbar kotun shari'a, sannan Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha, wadda sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya ba ta hurumi a kan aure da riƙon yara da wasiyya da kyauta da waƙafi da gado, daga nan Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tarayya, har Kotun Ƙoli. Akwai wa'adin kwanaki na ɗaukaka ƙara, a tambayi rajistara tun ranar da aka yanke hukunci.

Wanda ya yi auren rajista a ƙarƙashin dokar aure ta gwamnati, kamar yadda Kiristoci da yawa ke yi, ba shi da wannan zaɓin. Babbar Kotun Jiha ce kaɗai ke raba irin wannan aure, bisa dokar 1970, sai an nuna auren ya lalace ba gyara, kuma ba a shigar da ƙarar saki cikin shekara biyun farko sai da izinin kotu. Ko fasto da dangi sun amince an rabu, a idon doka auren yana nan.

Rauni da diyya

A nan lissafin ya juye. Maƙwabcina yana kwance a gadon asibiti kwana uku da haɗarin, an rataye ƙafarsa, sai ga mai motar da shugabannin ƙungiyarsu da ledar lemo da ayaba. Mutanen kirki ne, sun yi jaje, sun biya kuɗin hoton ƙashi da na aikin farko. Sannan aka fito da takarda cewa an sasanta, ba sauran magana a wurin 'yan sanda ko kotu. Yayansa ya ce, "Malam, ƙaddara ce, mun yafe." Maƙwabcin nawa ya dangwala hannu a takardar. Bayan wata biyar ƙashin bai haɗu ba, aka ce sai an sake buɗewa a sa ƙarfe. Ya sayar da injin yankan katakonsa. Yau yana tafiya da sanda, ba ya iya tsayuwar awa guda a kan benci.

Yafiya ibada ce, ba na musun wannan. Amma mutum ya san abin da yake yafewa. Malamanmu na Malikiyya sun ce ba a ƙaddara diyyar rauni sai ya warke an ga inda ya tsaya, don ciwo yakan ci gaba, yakan kuma bar naƙasa. Wannan ƙa'ida ita ce ta fi kowace amfani ga wanda ke kwance a asibiti. A karɓi kuɗin magani, a rubuta cewa kuɗin magani ne, a bar maganar rufe ƙofa sai likita ya faɗi matsayin ƙafar.

Idan ba a sasanta ba, ƙofofi uku ne, wani lokaci huɗu.

Kotun shari'a tana da ma'auni a yanke. Cikakkiyar diyyar rai raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000 na zinariya, ko dirhami 12,000 na azurfa. Dinari ɗaya giram 4.25 ne, wato kilo huɗu da kwata na zinariya, abin da a farashin yau ya kai ɗaruruwan miliyoyin naira. Hannu ɗaya ko ƙafa ɗaya ko ido ɗaya rabin diyya ne, yatsa kashi ɗaya cikin goma, haƙori kashi ɗaya cikin ashirin, raunin da ya huda ciki sulusi. Wanda ba shi da adadi a nassi, alƙali ke ƙiyasta shi. Kyawun wannan shi ne ba a duba arzikin wanda aka raunata: yatsan almajiri da na attajiri kuɗinsu ɗaya. Matsalar ita ce biya. A fiƙihu diyyar kuskure idan ta kai sulusi dangin mai laifi na wajen uba ne ke haɗa ta, cikin shekaru har uku. Wannan tsari na dangi ba ya aiki a garuruwanmu yanzu, kuma direban haya ko ɗan Adaidaita Sahu ba zai taɓa tara rabin wannan kuɗi ba. Shi ya sa ƙarar diyya kusan kullum a sulhu take ƙarewa. Amfaninta shi ne sulhun yana faruwa gaban alƙali, bayan kowa ya ji ainihin nauyin abin, kuma ana rubuta shi a matsayin hukunci. Wannan ƙofa ta fi dacewa idan ku biyun Musulmi ne, mutum da mutum, kuma wanda ya yi ɓarnar yana da abin hannu daidai gwargwado.

Babbar Kotun Jiha ba ta da jadawalin gaɓoɓi. Tana tambaya ne: wa ya yi sakaci, kuma me ka rasa? Za ta lissafa kuɗin asibiti, kwanakin da ba ka yi aiki ba, abin da naƙasar za ta hana ka samu nan gaba, da raɗaɗin da ka sha. Kuɗin da ka kashe sai ka kawo rasit ɗinsa ɗaya bayan ɗaya, abin da babu takarda yana da wuyar tabbatarwa. Idan kai ma kana da hannu a haɗarin, misali ka shigo ta hannun da ba naka ba, za a rage maka. Babban abin da ta fi kotun shari'a da shi: tana kamo mai kuɗin da ke bayan direba. Idan direban kamfani ne ko na mai mota yana bakin aikinsa, ubangidan ma yana ɗaukar alhaki. Don haka idan tirelar kamfani ce, ko motar ma'aikata, ko wayar lantarki ta faɗo, nan ce kotunka. Farashinta lauya da Turanci da shekaru. Wasu lauyoyi sukan yarda a biya su daga abin da aka samu. A rubuta kason tun farko. Wanda ba shi da hali ya nemi ofishin hukumar ba da tallafin shari'a ta tarayya, wadda aka kafa a 1976, domin ƙarar haɗari tana cikin aikinta. Mata kuma suna da ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA a jihohi.

Sai a kula da agogo. Kowace jiha tana da dokar wa'adin shigar da ƙara, kuma idan ya wuce haƙƙin ya mutu komai gaskiyarka. Mafi haɗari shi ne idan hukumar gwamnati ko jami'inta ne ya jawo raunin a bakin aiki: dokar kare jami'an gwamnati wata uku kacal ta bayar. Mutum yana jinya yana jiran "za mu duba", wata ukun sun shuɗe. Shi ya sa nake cewa a jinkirta sa hannu, amma kada a jinkirta ganin lauya.

Inshora ita ce ƙofar da muka fi mantawa da ita. Doka ta wajabta wa kowace mota inshorar da ke biyan wanda aka yi wa ɓarna. Daga 1 ga Janairu 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta mayar da kuɗinta naira 15,000 a shekara ga motar gida, daga 5,000, ta kuma ɗaga abin da ake biya na ɓarnar dukiya zuwa naira miliyan 3. Rauni da rasa rai ma suna cikin abin da take ɗauka. Mai motar da ya buge maƙwabcina yana da wannan takarda a aljihun motarsa, shi kansa bai san ta wuce abin nuna wa 'yan sanda a hanya ba. Cikas ɗinta biyu ne: takardun bogi sun yi yawa, kuma kamfani ba ya biya sai da rahoton 'yan sanda da na likita da sanarwa a kan lokaci. Akwai rumbun bayanai na kamfanonin inshora a intanet da ake duba lambar mota a ga ko takardar ta gaske ce. Wanda ya ce wa 'yan sanda "mun sasanta, a bar maganar" tun kafin a rubuta rahoto, ya rufe wannan ƙofa da hannunsa.

Ta huɗun ta ma'aikaci ce. Wanda inji ya cinye wa hannu a masana'anta, ko ya faɗo daga gini, ko ya yi haɗari a hanyarsa tsakanin gida da wurin aiki, dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta shafe shi. Masu ɗaukar ma'aikata suna zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun da hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF ke riƙe da shi, daga nan ake biya. Ba sai ka tabbatar da laifin kowa ba, wannan shi ne babban sauƙinta. Amma ana so ka sanar da wurin aikinka cikin kwana 14, su kuma su kai rahoto cikin kwana 7, a shigar da buƙata cikin shekara guda. Yi sanarwar a rubuce ka riƙe kwafi. Idan rigima ta taso, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke da hurumi, kuma tana da reshe a Kano. Tambayar da ya kamata kowane lebura ya yi tun yana da lafiya ita ce ko kamfaninsu yana zuba wannan kuɗi.

Wani ruɗani da na sha ji: an kai direba kotun majistare, don haka za a biya mu. Wannan shari'ar gwamnati ce da direba kan tuƙin ganganci. Kotu tana iya umartar a ba wanda aka raunata wani abu, amma tarar da aka ci shi ta gwamnati ce, kuma neman cikakkiyar diyya ƙara ce daban da kai za ka shigar.

Da za a mayar da ni bakin gadon nan na asibiti, ga abin da zan ce wa yayan maƙwabcina: "Yaya, a karɓi taimakonsu da godiya, a ɗauki hoton takardun motar da na inshora, a bar 'yan sanda su rubuta rahotonsu, a tara kowane rasit a leda ɗaya. Maganar yafiya a bari sai ya taka ƙafar." Idan lokacin sulhun ya yi, a faɗi adadi da ranar biya da abin da zai biyo baya in an saɓa, shaidu biyu su sa hannu, sannan a kai takardar gaban alƙali ya mayar da ita hukunci. Wannan matakin na ƙarshe shi ne ke ba sulhu sandar da zaure ba shi da ita, kuma a maganar abincin yara ma haka ake yi.

'Yar yayata yanzu ranar biyar ga kowane wata take zuwa wurin rajistara ta sa hannu ta karɓi kuɗin yaran. Sau ɗaya uban ya makara, aka aika masa masinja, washegari ya kawo. Maƙwabcina kuwa ya kai takardar da ya dangwala wa wani lauya ya duba ko akwai mafita. Lauyan ya karanta ta sau biyu, ya tambaye shi ko an karanta masa ita da Hausa kafin ya sa hannu, da kuma irin allurar da ake yi masa a ranar. Lauyan ya ba shi rana ya dawo da katinsa na asibiti da yayan nasa.